Furannin da Aka Kawo wa Inna

Ƙanena Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarka, ya iyali, ya sanyin Faransa? Mu nan Guna lafiya lau.

Ranar kasuwa wani ɗan kabu-kabu ya kawo wa Inna damin furanni daga Damagaram. Na ce, "Wa ya aiko ka?" Ya ce ta waya aka saya, ba a faɗi suna ba.

Inna ta ƙi taɓa su. Ta ce mai nufinta da alheri goro zai aiko, kuma ka san rigimar gonar nan ba ta mutu ba. Mun ajiye su bayan rumbu, amma har yau ba ta cin abinci sosai.

In kai ne, kira ta da kanka. In ba kai ba ne, taya mu da addu'a.

Gai da Hadiza.

Yayarka,
Mariyama