Inna, Yanzu Suna Duba Ƙafa

Zuwa ga mahaifiyata,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Shekara uku ke nan da muka kai ki makwancinki a nan Sabha ta ƙasar Libya, nesa da Damagaram ɗin da kika so a binne ki. Na zo miki da wata magana da nake jin kunyar faɗa wa masu rai.

Inna, kishi nake yi.

Kin tuna ƙaramin asibitin unguwarmu ta Manshiya, inda muke kai ki saboda ciwon suga? Kowane zuwa sabon likita, kowane zuwa mu faro bayani daga farko. A rubuta magani, a sallame mu. Ƙaya ce ta dabino ta soke ki a yatsa ranar da muka je garin Zighan biki. Sau huɗu muka koma asibitin bayan haka, babu wanda ya ce ki tuɓe takalmi. Ke kuma kullum cewa kike, "Ƙafa ce kawai, kada ki dami mutane."

Bayan rasuwarki wasu masu bincike suka riƙa bi gida gida suna tambayar yadda ake kula da masu suga da hawan jini. Wata mata cikinsu ta zauna a tabarmarki, na ba ta labarin ƙafar nan tun daga ƙaya har zuwa ranar da aka yanke ta. Ta rubuta komai. Na ɗauka a takarda zai ƙare.

Bai ƙare a can ba. Yanzu kowane mai ciwo yana da katinsa, ma'aikaciya ɗaya ce ke ganinsa duk wata, in bai zo ba a kira shi a waya.

Ƙawarki Iya Rakiya, wadda ciwonta ya fi naki tsanani, tana nan garau. Ta yi kumari, har kasuwar Jadid take zuwa da ƙafarta. 'Yarta Hadiza kuwa ƙorafi take yi mini, wai kai tsohuwa awo duk wata ya ishe ta. Ni take faɗa wa haka, Inna.

Makon jiya Hadiza ta haihu, ta roƙe ni in raka tsohuwar. Na raka ta. Ma'aikaciyar ta durƙusa, ta zare mata takalmi da hannunta, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya tana dubawa, tana tambaya ko akwai inda ba ta ji. Iya Rakiya sai dariya take, wai cakulkuli ake mata.

Na fita waje na jingina da bango. A raina na ce me ya sa ba ita ta riga ki rasuwa ba, ke ki samu wannan? Na yi istigfari, amma tunanin ya riga ya zo, kuma ba zan ɓoye miki ba.

Da Iya Rakiya ta fito ta kama hannuna ta ce da kina nan da tare za ku riƙa zuwa. Na dai riƙe ta har gida, a hankali, ina kaucar da ita daga duwatsu.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sa ciwon da kika sha ya zama kankarar zunubi. Ya ƙara wa Iya Rakiya lafiya, Ya wanke mini zuciya har in faɗi wannan addu'ar ba tare da ɗaci ba.

'Yarki mai kewarki,
Mariyama