Gawar da Ta Yi Numfashi

Lyon

Odile, abokiyar wasana,

Gaisuwa mai yawa. Yaya gwiwar, ko har yanzu ita ke mulkin gidan?

Ki zauna kafin ki karanta. Na samo fim ɗin nan na kisan kai a tashar jiragen ruwa, wanda Gwaggo Léonie ta fito a matsayin gawa. A kasuwar tsofaffin kaya na tsince shi, cikin gwangwanaye masu tsatsa. Mu masu tara finafinai mun daɗe muna farautarsa, kuma ba don kyansa ba. Ɗan sanda na tsaye a kanta yana cewa ta mutu tun jiya, ita kuwa ƙirjinta na hawa yana sauka. Wannan kuskuren ne ya kashe kasuwar fim ɗin, shi ne kuma ya sa muke sonsa.

Sai dai zaren fim ɗin ya fara warin tsami, yana ruɓewa. In ya bi ta injin majigi sau ɗaya, ƙila shi ke nan. Ajiye shi zan yi.

Naki,
Firmin

Brest

Firmin,

Na amsa gaisuwa, gwiwa da sauƙi.

Wato uwata ce abin dariyarku. Ina goye ta rasu, ka sani. Hotonta guda gare ni, a cikinsa ma ta kau da kai. Ban taɓa ganin ta motsa ba. Kai kuma ka kulle ta a gwangwani kamar kifi, tsohon marowaci kawai.

Na tsufa, ban iya roƙo ba, amma ga shi ina yi. Ka haska mini.

Odile

Lyon

Odile,

Na yi ta juya maganarki har abinci ya fita raina. Babu wani kwafi a duniya, iya sanina. Abokaina sun ce na haukace.

Ki hawo jirgin ƙasa ran Asabar. Ba zan gayyaci kowa ba.

Firmin

Brest

Ɗan'uwana,

Na iso gida lafiya. Na ga yadda ka durƙusa kana tsince guntayen zaren a ƙasa bayan injin ya daddatse shi, kuma na san asarar da na jawo maka.

Ka yi ta ba ni haƙuri wai ruɓar ta cinye fuskarta. Ka daina. Na ga Mama tana numfashi.

Ka huta lafiya,
Odile