A Mayar wa Ramla Kujerarta a Ɗakin Wasa

Zuwa ga Alhaji, mai cibiyar koyar da kwamfuta da ke garin Rano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka baki ɗaya. Allah Ya sa albarka a wurin nan da ka kafa, don 'ya'yanmu da yawa sun amfana da shi, kuma ba zan ɓoye wannan ba saboda ɓacin rai.

Ni ce mahaifiyar Ramla, yarinyar nan da ke hawo mashin daga Kibiya zuwa ajin safe. Auta ce, shi ya sa ka ji na kama sunanta ba nauyi. Aikina koyar da matan aure karatun allo a cikin gida, boko kuwa a ajin manya na tsince shi, don haka ka yi haƙuri da rubutuna. Na zo ofishinka aka ce ka yi tafiya, na sake zuwa na bar sallahu, shiru. Tunda kuma abin da aka yi wa 'yata a idon jama'a aka yi shi, na ga ya dace maganata ma ta fita a idon jama'a. Mahaifinta ya karanta takardar nan, shi ya ce in aika.

Ga abin da ya faru, don wanda bai sani ba. A cibiyarka akwai ɗakin da ɗalibai ke wasan ƙwallo na kwamfuta bayan darasi. Bayan Ƙaramar Sallah ka sa gasa, ka ce wanda ya zo na ɗaya shi zai wakilci cibiyar a Kano ƙarshen watan nan. Ramla ta zo ta ɗaya. Daga nan yara suka matsa sai ta kara da malamin da ke kula da ɗakin, suka kara, ta cinye shi. Washegari ya ɗora hotonta a guruf ɗin waya na ɗalibai, ya rubuta cewa hannun da ya ƙware a latse-latse bai san muciya ba. Da a nan ya tsaya, da ban ɗauki biro ba. Sai ya ƙara wata kalma a kan mutuncinta, irin wadda ake jifan 'ya mace da ita in an rasa abin faɗa. Na karanta ta da idona sau ɗaya. Ba zan maimaita ta ba, kuma ba zan kama sunansa ba.

Da labari ya kai maka, ka sallame shi daga aiki. Ka kuma sa aka manna sanarwa a ƙofa cewa mata sun daina shiga ɗakin wasa, aka cire Ramla daga tafiyar Kano aka sa wanda ya zo na biyu. An ce min ka yi haka ne don ka kare 'yan mata. Na yarda da niyyarka, Alhaji. Amma ka ba ni dama in ba ka wani labari tukuna, don ni ban iya hujja irin ta masu boko ba, abin da na gani kawai na sani.

A Rurum Tsohon Gari aka haife ni. Idan an gama kaka, dawa ta shiga rumbu, dattawa kan zauna gindin wata tsamiya kusa da masallaci bayan la'asar su yi dara. Yaran yanzu da wuya su san ta. A haƙa gurabu a ƙasa jere-jere, wannan ya riƙe karare, wancan tsakuwa, duk wanda ya jera uku ya ɗauke ɗaya na abokinsa. Har yau in na rufe ido ina jin ƙamshin ƙasar nan da aka yayyafa wa ruwa, da tarin tsofaffi, da yadda ake shiru in wasa ya yi zafi har ka ji faɗuwar tsamiya daga sama. Sa'o'ina suna can suna carabke, ni kuwa in an aike ni kai wa Baba kunu sai in ƙi komawa, in tsuguna a bayansa ina kallo.

Akwai wani dattijon Bafulatani da ya zauna a bayan gari da shanunsa, muna ce masa Baffa Jauro. Ba wanda ya naɗa shi, amma shi ne babban gindin tsamiyar. Shi ya lura cewa yatsana kan nuna gurbi tun kafin mai wasa ya kai hannu. Ran nan ya ce, "Ɓingel, zo ki zauna." Haka suke kiran yaro da harshensu. Baba ya ce ai mace ce. Baffa Jauro ya ce ya gani, ba makaho ba ne shi.

Na jima ana cinye ni ana dariya kafin in fara ci. Wata rana na zauna da wani dillalin gyaɗa, mutum mai ji da kansa a dara. Ya rasu, Allah Ya gafarta masa. Na cinye shi tas, mutane suka kwashe da dariya. Sai ya sa bayan hannu ya watsar da kararena, ya ƙunduma min ashar da ya taɓa mahaifiyata. Baba ba mai faɗa ba ne, ya sunkuyar da kai kawai. Ni kuwa na yunƙura zan gudu gida, don a raina ni ce na jawo. Baffa Jauro ya gitta sandarsa a gabana ya ce, "Zauna. Ba bakinki ne ya yi ba." Ya dubi dillali ya ce, "Kai ne za ka tashi." Sannan ya sa ƙafa ya share gurabun duka.

Ashe dokar wurin ke nan tun kafin a haife ni. Wanda ya yi ashar shi ke tashi, kuma ba a sake dara a gindin tsamiyar sai ya dawo ya haƙa gurabun da hannunsa ga wanda ya zaga. Dattawa suka yi ta zaman banza suna hararar hanya, har kasuwa ta zagayo. Ranar sai ga dillalin ya zo, babban mutum da rawaninsa, ya durƙusa ya haƙa gurabu da yatsunsa, ya tsinto karare ya zuba min a hannu. Ya ce ya yi kuskure, can ƙasa-ƙasa. Baffa Jauro ya ce, "Da za ka yi zagin ai ba raɗa ka yi ba." Dillalin ya sake faɗa da ƙarfi, kowa ya ji. Muka zauna muka kara, kuma in faɗa maka gaskiya, ranar shi ya cinye ni, ba sassauci. Lokacin bikina mutumin nan ya kawo gyaɗa ƙwarya guda, yana ta nuna ni ga baƙi yana cewa wannan amaryar ta taɓa kayar da shi a gindin tsamiya.

Da na girma na bar zama a can, kamar yadda ya dace, ban kuma ji an tauye ni ba. Amma dara ba ta bar ni ba. A tsakar gidana na Kibiya na koya wa Ramla ita da ƙwallon dabino. Da ta fara ba ni labarin wasan kwamfuta, da farko hankalina bai kwanta ba. Na tako da ƙafata na ga ɗakin. Rana tsaka, ƙofa a buɗe, 'yan mata a ɓangarensu da hijabansu, babu caca, in an kira salla a kashe na'ura. Na tsaya ina kallon yadda take ƙura ido tana cije leɓe, sai na ga kaina a bayan Baba. Na dawo gida na ce wa mahaifinta a bar ta.

To ga kokena, Alhaji.

Na farko. An tashi wadda aka zaga. Ramla ba ta yi wa kowa rashin kunya ba, wasan da ka halatta ta yi, a ɗakin da ka buɗe, a gasar da kai ka sa. Sanarwar nan da ke ƙofa, ko ba ka nufa ba, kowa ya karanta ta cewa yake ashe dai shigar mata wurin ce matsalar, ashe malamin yana da 'yar gaskiyarsa. Sauran 'yan matan ma da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, an haɗa da su.

Na biyu. Korar da ka yi masa ba ta wanke 'yata ba. A ofis aka sallame shi, ƙofa a rufe. Maganarsa kuwa tana nan tana yawo a wayoyin mutane, daga Rano har Zurgu, ba wanda ya janye ta. Lokacin da aka kawo shari'a jihar nan ina da goyo, na tuna yadda muke zagaye rediyo a tsakar gida muna sauraron malamai. Abin da ya fi faranta min rai shi ne bayanin nauyin ƙazafi, cewa mutuncin 'ya mace ba abin wasan baki ba ne. A makarantar allo ma haka aka koya mana. Ban kai ƙara ko'ina ba, kuma ba na so a kai ga haka. Amma abin da aka ɓata da baki a gaban mutane, ban san wata hanyar gyara shi ba sai da bakin nan a gaban mutanen nan.

Na uku, kuma shi ya fi yi min ciwo. Yanzu a gari ba a cewa malami ya zagi ɗaliba. Cewa ake yarinya ta sa an raba magidanci da abincinsa. Yana da mata da jariri. Mahaifiyarsa 'yar Unguwar Gai ce, na san ta, mun sha haɗuwa a gidan suna. Kwanaki muka yi kiciɓis a wajen gaisuwar rasuwa, ta ɗauke kai, ni ma na rasa inda zan sa idona. Ni ban roƙi a kore shi ba, Ramla ma ba ta roƙa ba, ba wanda ya tambaye mu. An ɗora wa yarinya zagi, an ɗora mata alhakin gidan wani a kai. Ta daina zuwa ajin safe. Mai mashin ɗin da ke ɗaukarta ya zo ya yi ta hon har ya gaji ya daina zuwa. Ita da ba ta rufe baki a gida, yanzu sai ta gama wanke-wanke ta shige ɗaki.

Saboda haka ina roƙonka abu uku, don Allah.

Ka cire takardar nan daga ƙofa, 'yan mata su koma ɓangarensu kamar da. In kana son ƙara tsari, ka sa mace babba ta riƙa zama a ɗakin, ba za mu ƙi ba.

Ka kira malamin nan ka mayar da shi bakin aikinsa, amma da sharaɗi. Ya koma guruf ɗin da ya yi rubutun, da sunansa, ya ce abin da ya faɗa a kan Ramla ƙarya ne, ba raɗa ba, ba kwana-kwana. Sannan ranar da za a buɗe ɗakin, a gaban ɗaliban da suka karanta zagin, shi da hannunsa ya jawo mata kujera ya miƙa mata abin latsawa. In ya yi haka, ni na yafe, kuma ni zan fara zuwa gaishe da mahaifiyarsa. In ya ƙi, to ya tashi da ƙafarsa ke nan, ba wanda zai ce 'yata ce ta tashe shi.

Ka mayar da Ramla cikin tafiyar Kano tun lokaci bai ƙure ba. Yayarta za ta raka ta. Ban ce za ta ciyo ba, mai yiwuwa a cinye ta tun zagayen farko, wannan ba komai ba ne. Ita ta ci gurbin, a bar ta ta zauna a kansa.

Shekaranjiya bayan la'asar na yayyafa ruwa a tsakar gida na haƙa gurabu, na kira ta mu yi dara. Ta fito ta tsaya, ba ta zauna ba. Ta san labarin dillalin gyaɗa tun tana ƙarama, ta sha sa ni in maimaita mata. Ta dubi gurabun ta ce, "Inna, ke ai wanda ya zage ki ne ya haƙa miki. Ni wa zai haƙa min?" Baffa Jauro ya daɗe a ƙasa, tsamiyar ma an ce an sare ta an yi shaguna. Na ce ta bari in tambayi Alhaji, tunda shi ne babba a wurin.

To na tambaya. Gurabun suna nan a tsakar gida, na hana a share.

Allah Ya ba ka ikon yin adalci, Ya tsare mutuncin 'ya'yanka mata kamar yadda nake roƙa wa tawa, Ya shiryi malamin nan Ya rufa masa asiri, Ya jiƙan magabatanmu. In na faɗi abin da ya wuce gona da iri, ka yafe min.

Wassalam.

Mahaifiyar Ramla,
Kibiya.