Ƙarar Babur Ɗina Ta Kori Mata Daga Gona

Assalamu alaikum Hajiya Naja'atu. Don Allah ki taimake ni da shawara, don duk wanda na tunkara da maganar nan a gida ya riga ya ɗauki ɓangare.

Ni mutumin Sabon Birni ne, ina fataucin wake da gero tsakanin kasuwarmu da Maraɗi. Tun ina yaro babur ne abin sona. Sa'o'ina na wurin kokawa, ni ina rumfar bakanike ina kallon yadda ake kwance inji. Na yi kabu-kabu da ƙuruciyata, babu ƙaramin babur da ban hau ba. Amma abin da raina ke so tuntuni shi ne babban nan mai dogon jiki da gajeren mazauni, wanda masu harkar ke kira kuruza.

Bana Allah ya nufa. Wani dillali a Sakkwato ya nuna mini guda biyu, ja da baƙi. Jan ya fi gudu, amma sai mutum ya duƙa a kansa kamar mai noma. Baƙin kuwa ina zama na ji bayana ya miƙe, ƙafafuna sunka yi gaba, hannuwana a buɗe. Da na tada shi, ba irin tsiwar ƙananan babura na ji ba, wani gurnani ne mai zurfi da ake ji har cikin ƙirji. Nan take na ce wanga nake so.

Hajiya, ban yi nadama ba. In na hau kwaltar zuwa garin Isa da hantsi, iska na kaɗa rigata, sai in manta da duk wata damuwa. Ba gudu nake yi ba, wanga babur ba na gaggawa ba ne. Matata Bilkisu, wadda da fari ta ce na girma da wasan yara, yanzu ita ke cewa in kai ta gidansu a kansa.

To ga inda matsalar take. Kwanan baya na shirya za ni Kamarawa gaida Inna Tasalla, ƙanwar mahaifiyata, wadda ta rene ni. So nake ta gani ta sa albarka. Na sauka daga kwalta na bi hanyar gonaki, mata na ta roron wake. Kin san halin da muke ciki da 'yan bindiga, kuma a kan babura suke shigowa. Matan nan ba su gan ni ba, ƙara kawai sunka ji. Sai gudu, anka bar ƙore da takalma cikin kunya. Kafin in isa gari an rufe ƙofofi, maza sun fito da sanduna. Sai da na cire hular kwano sannan sunka gane ni. Wasu sunka yi dariya, wasu sunka yi tsaki.

Amma Hadiyya, maƙwabciyar Inna, tana goye da jariri ta faɗa rami, ta yi targaɗe a ƙafa. Yaron lafiya lau, alhamdulillahi. Inna kuwa ko ruwa ba ta ba ni ba sai da ta gama faɗa. Ta ce in dai da wannan abu za ni zo, gara in yi zamana. Yayana Maliki ya ce in sayar kawai a huta.

Ni ban ga laifina ba. Da gumina na saya, takarduna cikakku ne, da rana tsaka na je. 'Yan bindigar nan sun raba mu da gonaki, sun raba mu da kwanciyar hankali, yanzu kuma sai su raba ni da abu ɗaya da ke faranta mini rai? Ba za ni sayar ba. Sai dai har yau ban koma duba Hadiyya ba, don in na ce ta yi haƙuri kamar na amsa laifin da ban yi ba ne. Kuma ba na iya zama Inna na fushi da ni. Yaya za ni yi?

Naki,
Mai Baƙin Babur, Sabon Birni

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗan'uwana Mai Baƙin Babur.

Bari in fara da inda kake da gaskiya. Kada ka sayar. Ba ka yi sata ba, ba ka karya doka ba, kuma mutumin da ke wahalar neman halal yana da haƙƙin ya ji daɗin abin da ya samu. Yayanka yana son a zauna lafiya ne, amma rabuwa da babur ba za ta warkar da ƙafar kowa ba, kai ma za ta bar ka da ƙullin zuciya.

Yanzu ga inda ka kauce. Matan nan ba kai suka guje wa ba, abin da suka taɓa gani suka guje wa. Ƙarar da kake ji a ƙirjinka kana murmushi, su ma a ƙirji suke jin ta, amma abin da take tuna musu daban ne. Da a ce sun tsaya kallo, ranar da abin ya zama gaske fa? Gudun da suka yi daidai ne.

Saboda haka ka je ka duba Hadiyya cikin makon nan, a motar haya. Ka fara da mijinta, ka ɗauki nauyin gyaran ƙafar, ka riƙe wa jaririn ɗan abin hannu. Ba da haƙuri ba amsa laifi ba ne. Mace ta ji ciwo ta dalilinka, ko da ba da nufinka ba, kuma shirun da ka yi ya fi faɗuwar zafi. Ina kyautata zaton shi ne ma ya fi ɓata wa Inna rai, don ita ke haɗa ido da maƙwabta kullum.

Sannan ka kai babur wurin bakanikenka ya rage wa salansa murya. Na san nan ne zai yi maka ciwo, amma zaman da ka yaba da tafiyar da kake so suna nan ba abin da zai taɓa su. Ka gabatar da kanka ga mai gari da masu tsaron garin su san ka da abin hawanka. In za ka je, ka buga waya tukuna, in ka kusa gonaki ka rage wuta ka buɗe fuskarka. Ka kuma riƙa bin duk umarnin da hukuma ta bayar kan zirga-zirgar babura. Hanyar daji kuwa ka rage bin ta da shi, don abu mai ɗaukar ido ba mutanen kirki kaɗai ke ganinsa ba.

Kada ka matsa wa Inna ta sauya magana. Ka je mata a ƙafa har sai ita da kanta ta tambaye ka ina babur ɗin.

Allah ya ba Hadiyya lafiya, ya kiyaye ka a hanya, ya kuma kawo mana ranar da mace za ta ji ƙarar babur a Gobir ta ci gaba da roron wakenta.

Hajiya Naja'atu