Ranka Shi Daɗe, Baƙon Nan Taubashina Ne

Zuwa ga mai girma Darakta na gidan kwanan ɗalibai 'yan ƙasa da baƙi na jami'armu.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da ban girma, daga Malanville inda nike hutu. Ina rubutu ina dariya, amma wallahi maganata ta gaske ce.

Na ɗaya. Tsarinku na haɗa ɗan ƙasa da baƙo ɗaki guda, don ɗan ƙasa shi koya wa baƙo al'adun Benin, ya yi mani daɗi ƙwarai. Na ci burin wani ɗan nesa mai sabon harshe, har wankin labule na yi. Ina buɗe ƙofa sai ga Isuhu kwance bisa gadon da na zaɓa, da takalmi! Isuhu ɗan kawuna, na Gaya da ke hayin iyaka daf da garinmu, wanda in ya yi tari ƙetaren kogi sai mun ce mashi sannu. Wanga shi ne baƙon ƙasar waje da kunka ba ni. Na zauna ƙasa na yi dariya har da hawaye.

Na biyu. An kawo maku ƙara cewa kullum faɗa mukai, ya ce mani bawansa, ni kuma in ce mashi ɓarawon albasa. Duk gaskiya ne, har ma an rage. Amma ranka shi daɗe, mu taubasai ne. Ubansa da uwata ciki ɗaya suke, shi ɗan namiji, ni ɗan mace, kuma a wajenmu in ɗayanmu ya wuni bai tsokani ɗaya ba, to sai a tambaya ko lahiya. Mai kula da benenmu mutumin kirki ne daga kudu, bai san wagga al'ada ba. Ya ji ana kiran bawa, ya iske Isuhu ya ɗaure mani ƙahwa da igiyar shanya, ya sheƙa ofis awa wanda ya ga gobara. Da ya tsaya kaɗan, da ya ga mun zauna muna cin dambu da kopto, kwaɗon ganyen nan, kwano guda.

Na uku. Kun yanke hukuncin raba mu da an komo hutu, ba tare da an kira ko ɗayanmu ba. Nan ne abin ya ci mani rai. Uwata da kawu sun daɗe ba su magana, tun rigimar gonar shinkafar kakanmu a Garou. Da aka ruhe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya kuma, sai kowa ya samu hujjar ƙin ziyara. Ɗakin nan namu shi kaɗai ya rage tsakaninsu. Da fari in na kira ta ta ji muryar Isuhu, sai ta sauya zance. Daga baya ta fara faɗa mani in bar yaron mutane shi yi karatu. Ƙunshin busasshen kihin da take aiko mani ya koma biyu, ba ta ce na wane ne ba. Kai, ranar har rawa na yi a baranda!

Don haka ina roƙo, ku janye wanga hukunci, ku kira mu ku ji ta bakinmu. Ku ba mu dare guda a zauren taro mu nuna wa sauran ɗalibai taubasantaka, na rantse sai cikinsu ya yi ciwo. In hayaniya ce, za mu rage, ko da yake ba zan ɗaukar wa bakin Isuhu alkawari ba.

Jiya ina shirya kaya, Inna ta shigo ta aje sabuwar hula cikin jakata. Ta ce in ba Isuhu shi kai wa ubansa, in ya ga dama shi sa. Ranka shi daɗe, in kun raba mu, hannun wa zan ba ta?

Allah shi ƙara maku lahiya da basira, shi raya zuri'a, shi bar zumunci.

Wassalam.
Ɗalibinku, Hamza ɗan Malanville.