Wayar da ta Leƙa Rumbun Baba

Asabar, 3 ga Agusta, 2024
Wata da watanni ina ɗora bidiyon gona a TikTok, ba mai kallo sai abokina Sama'ilu. Shi ya ce 'yan birni abin gargajiya suke so. To yau da Baba ya tafi ta'aziyya Minjibir, na jingina tsani a rumbunsa, na ɗaga jinka, na ɗaure waya a sanda na zura. Na san ba a leƙa rumbun maigida, ko Inna ba ta taɓa yi ba. Amma ai ba ni na leƙa ba, waya ce. Na rubuta "Ma'ajiyar kakanninmu" na ɗora. Ko kallonsa ban yi ba, sabis na neman ɗaukewa.

Lahadi, 4 ga Agusta
Bidiyon ya tashi! Mabiya sai shigowa suke. Yau ko tuwo ban ji ɗanɗanonsa ba don murna.

Litinin, 5 ga Agusta
Sai yau na karanta abin da suke rubutawa. "Allah sarki, wannan ba zai kai su kaka ba." "Turo lamba mu taimaka wa tsoho." Na koma na kalla. Ƙasan rumbu ne fayau, sai ragowar gero a lungu. Ga ƙofar gidanmu ta fito sarai a farkon bidiyon.

Wai ni ɗan gida, a bakin baƙi zan ji abincinmu ya kusa ƙarewa. Ashe shi ya sa Baba ya tsiri azumin Litinin da Alhamis bana. Ni kuwa har ƙari nake nema.

Laraba, 7 ga Agusta
Inna ta gani a gidan suna, a wayar wata yarinya, mata cike da tsakar gida. Ta dawo ta shige ɗaki. Na goge bidiyon, aikin banza, ya riga ya shiga WhatsApp ɗin kowa.

Juma'a, 9 ga Agusta
Baba Hashimu maƙwabcinmu ya kawo gero a amalanke. Ina zaure na ji su.
"Hashimu, roƙo na yi?"
"Aro ne, Malam, har kaka."
Baba ya karɓa, kansa a ƙasa. Da ya shigo bai zage ni ba, wallahi gara zagin. Cewa kawai ya yi, "Naziru, na yi ta lallaɓa gidan nan kada kowa ya ji, kai ka buɗe shi da sanda." Na rasa inda zan sa fuskata.

Talata, 20 ga Agusta
Baba ya daina zama a dakalin masallaci. Ana sallame salla yake ɗaukar takalmi.

Sama'ilu wai in yi kashi na biyu, Baba yana godiya, zai fi na farko tashi. Na kusa kai masa mari. Abin da ya fi ba ni kunya, kafin in yi fushin, sai da na ɗan hango yadda zai tashi ɗin.

Asabar, 12 ga Oktoba
Alhamdulillahi, gero ya yi. Damman farko Baba ya ɗora mana a ka, ni da shi, muka bi ta gaban masallaci da rana tsaka muka mayar wa Baba Hashimu. A dawowa ya ɗan zauna a dakali.

Da yamma ya jingina tsanin nan ya ce, "Hau ka jera. Tunda duniya ta gani, kai ma gani da idonka." Na shiga, yana miƙo mini ina jerawa. Hasken da ke faɗowa ta sama ya yi kyau ƙwarai, da an ɗauka da ya tashi.

Wayar na ɗaki. Caji ne ba ta da shi sosai, shi ke nan.