Jirgin Bitrus

Lahadi, 4 ga Agusta, 2024
Yau Bitrus ya miƙe a coci wai ya tuba. Bitrus mai jirgin inji, wanda ya ƙetaro da 'yan bindiga garinmu bara, ranar da suka harbe ƙanena Filibus a gona. Yana kuka har da majina, wai bindiga suka ɗora masa a wuya. Jama'a sai Halleluya suke yi. Fasto ya ce Mulkin Allah kamar taru ne, kowane irin kifi yake jawowa. To Fasto, taru har kada yana jawowa, amma wa ka ga ya kai kada gida?

Laraba, 7 ga Agusta
Bitrus ya gaishe ni a bakin ruwa: "Inna, barka da aiki." Innarka tana gidanku! Ban faɗa ba dai. Na kwashi wankina a guje, har na bar sabulu.

Lahadi, 11 ga Agusta
Ban je coci ba. Na ce ciwon kai, amma tsoro ne. In leƙen asiri aka turo shi fa? Hali zanen dutse. Fasto ya biyo ni gida, wai: "Mama, ban ce ki ba da gaskiya ga Bitrus ba, ga Wanda ya karɓe shi na ce." Na ba shi kunu, ya sha ya tafi.

Alhamis, 15 ga Agusta
Cikin 'yata Marka ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura suntum. Mijinta yana Neja wurin haƙar zinari. Ruwa ya cinye hanyar mota. Jirgin inji ɗaya ya rage a garin nan, kuma na san ko na wa ne. Ya Yesu, ka sauke ta a ɗaki.

Asabar, 17 ga Agusta, asibiti a Wara
Marka na naƙuda tun safe, rana na tsaka Jamila ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta, ta ruga ta kira Bitrus. Na tare hanya na ce gara Marka ta mutu a hannuna. Ni da bakina! Allah ya gafarta mini. Sai Marka ta kwarma ihu, "Inna, zan mutu!" Na soke wuƙa a zane, muka shiga jirgin.
A tsakiyar ruwa ya karkata jirgin wajen gaɓar da 'yan bindigar nan suka fito. Na dafa wuƙar na ce, "Ina za ka kai mu?" Ya ce, "Inna, kututturan itace ne a ƙarƙashin ruwa can, sai mun zagaya." Na kama Addu'ar Ubangiji, na kasa wuce wurin zuwan Mulkin, sai maimaitawa nake.
Mun iso. An yi mata aiki. Namiji ne, duka suna da rai.

Juma'a, 23 ga Agusta
Mun dawo gida. Bitrus ne ya zo ɗaukar mu, ba wanda ya aike shi. Wurin shiga jirgi akwai santsi, ga Marka ba ta iya ɗaga ƙafa, sai na miƙa masa jinjirin na kama ta. Sai da na zaunar da ita, na gyara mata zane, na jera kwanuka, sannan na tuna ban ko waiwaya na duba shi da jinjirin ba.
Hannu biyu gare ni, shi ke nan. Kada wani ya je ya ce wa Fasto na yafe.